Amsa ga mai son zagaya duniya daga zaune

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa ya ce ba shi da halin fita ƙasashen waje, waya ce kawai a hannunsa, datar ma a ƙididdige take, amma yana son sanin yadda mutanen wasu ƙasashe ke rayuwa, kuma gajerun bidiyoyin da yake kallo ba sa bar masa komai a ka. Abin da kake nema yana yiwuwa, ɗan'uwa, sai dai ka sauya salo. Ka zaɓi birni ɗaya tak ka tare a cikinsa wata guda. Birni na ce, ba ƙasa ba, domin ƙasa ta yi faɗi, za ka yi ta tsalle ne daga nan zuwa can ba ka riƙe komai ba.

Mu ɗauki Santanbul ta Turkiyya misali. Kafin ka kalli bidiyo ko ɗaya, buɗe Google Maps ka ƙare wa siffar garin kallo. Mashigin ruwan Bosforus ya raba shi biyu, ɓangaren Turai da na Asiya, sannan wani reshen ruwa ya sake tsaga ɓangaren Turan. Riƙe sunaye biyar: Eminönü, Karaköy, gadar Galata da ta haɗa su, sai Üsküdar da Kadıköy a tsallake. Zana su a takarda da hannunka, ko zanen bai yi kyau ba. Wanda ya tsallake wannan matakin zai yi ta kallon wurare masu kyau bai san wanne ke kusa da wanne ba.

Daga nan sai ka sauka titi da Street View, tsarin hotunan tituna na cikin Google Maps, wanda Google ya fara a 2007. A kwamfuta, ɗan mutumin nan ruwan ɗorawa za ka ja ka ajiye a kan titi; a waya kuma maɓallin sauya nau'in taswira za ka taɓa, shuɗayen layuka su bayyana. Fara daga Eminönü ka tsallaka gadar Galata. Hawa biyu ce: a sama maza sun jeru da sandunan fatsa, jirgin kan titi na ratsawa ta tsakiya, a ƙasa kuma gidajen abinci ne. Kada ka tsaya a nan. Yi nisa da inda baƙi ke taruwa ka shiga unguwa, ka lura da ƙananan abubuwa: jan harafin E da ke nuna kantin magani, jajayen amalanken masu sayar da burodin simit, kyanwoyi kwance a bakin shaguna, tsayin benaye, inda ake ajiye motoci. Minti ashirin a zama ɗaya ya isa, fiye da haka ido ya gaji.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar hoton tamkar na yau ne. Duba ƙasan hoton, akwai wata da shekarar da aka ɗauka, a wurare da yawa ma ana iya komawa ga na shekarun baya a kwatanta. Haka bidiyo. Ayasofya, shahararren ginin nan na Santanbul, an gama gina ta a matsayin coci a 537, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ta koma masallaci a 2020. Idan ka ga daɓen marmara a fili babu shimfiɗa, tsohon hoto ne. Ka kuma sani motar ɗaukar hoton da rana take yawo, ba ta shiga matsattsun lunguna, don haka rayuwar dare da ta cikin lungu sai ka neme su a wani wurin. Ba ko'ina motar ta je ba. A Sin sai dai Baidu Maps, a Koriya ta Kudu Naver da Kakao sun fi cika, a Rasha Yandex, Indiya kuwa sai a 2022 aka buɗe mata tsarin sosai.

Gari ba ya shiga rai sai an ji muryarsa, kuma wannan ne ya fi sauƙi ga mai ƙaramar data. Radio Garden yana nuna duniya da korayen ɗigo, kowane ɗigo tashoshin rediyon wani gari ne kai tsaye. Tasha mai gudun kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 58 a awa. Nemi tashar labarai ko ta hira da masu kira, domin wasu tashoshin waƙoƙin Amurka kawai suke sakawa dare da rana. Ko ba ka jin Turkanci, za ka ji yadda ake gaisawa, yadda ake talla, yadda ake musu. Saka agogon garin a wayarka. Turkiyya tana gaban agogon GMT da awa uku, Japan da awa tara. In ba ka lissafa ba, sai ka buɗe kyamarar kai tsaye ka tarar da titi wayam kowa na barci.

A bidiyo, nemi dogayen nan da mutum ke tafe da kyamara bai ce uffan ba, ko waɗanda aka ɗauka daga gaban jirgin ƙasa. Gidan talabijin na NRK a Norway ya taɓa nuna tafiyar jirgi daga Bergen zuwa Oslo gaba ɗayanta a 2009, sama da awa bakwai, kuma irinsu sun cika YouTube yanzu. A nan ne data ke zurarewa. Saita ingancin hoto da kanka a 480p, wanda ke cin kimanin rabin gigabait a awa. In ka bar wa manhajar zaɓi, da zarar ta ga intanet da ƙarfi za ta haura, kuma 1080p na ninka wancan sau uku ko fiye. Bidiyon da ake juyawa kowane ɓangare ka haƙura da shi sai kana kan Wi-Fi, domin hoton a baje yake a duk kewaye, ɗan yanki kawai kake gani, sai ya fito dishi-dishi.

Da wane harshe ka yi binciken, shi ke yanke abin da za a kawo maka. Rubuta da Turanci, ka samu masu yawon buɗe ido suna nuna wurare goman da kowa ke nunawa. Fassara kalmomin da Google Translate ka liƙa, misali "Kadıköy Eminönü vapur" don jirgin fito, ko "semt pazarı" don kasuwar unguwa, sai ga bidiyon mazauna garin. Fassarar da na'ura ke rubutawa a ƙasan bidiyo tana taimakawa, amma tana yawan kwafsawa a sunaye da lambobi.

Gidajen tarihi ma a buɗe suke ta Google Arts & Culture, kuma Louvre ta Faransa ta ɗora bayanan kayanta sama da 480,000 a intanet a 2021. Zaɓi abu biyar ka karanta labarinsu, ka rufe.

Karatu ne zai ɗaure maka duk wannan. Shafin jagorar matafiya na Wikivoyage zai nuna maka tsarin unguwanni da sufuri, jaridar garin da ka fassara a Chrome za ta nuna abin da ke damun mutanensa a makon nan, ƙagaggen labari na marubucin ƙasar kuma ya shigar da kai cikin gidajensu. Labaran matafiya a karanta su da lura, a tambayi wa ya rubuta, yaushe, don wa. Shahararren matafiyi Ibn Battuta ya bar Tanja ta Maroko a 1325, sai bayan kusan shekara talatin aka rubuta tafiye-tafiyensa daga bakinsa, kuma masana na shakkar ko ya taka wasu wuraren da ya ambata.

A mako na uku ko na huɗu, lokacin da ka tara tambayoyi, nemi ɗan garin a manhajojin musayar harshe irin su Tandem ko HelloTalk. "Yaya ƙasarku?" ba ta haifar da hira. Tambaye shi minti nawa jirgin fito ke ɗauka zuwa wurin aikinsa, ko me ake yi idan hazo ya hana jirgin tashi. Yi magana da mutum biyu ko uku masu bambancin shekaru, domin ɗalibi da dattijo ba gari ɗaya za su ba ka labari ba. Duk wanda ya fara zancen biza, aiki ko kuɗi, ko ya nemi hoton fasfonka, yanke hulɗa da shi nan take.