Shanyewar Ɓarin Jiki Ga Matashi Mai Sikila

Tambaya: Likita, ƙanena mai sikila SS ne, shekarunsa 23. Makon jiya bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki, amma kafin la'asar ya warware. Dattawa sun ce iska ce ta buge shi. Shanyewar ɓarin jiki tana kama matashin da ba shi da hawan jini? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, tana kamawa sosai. Ku kai shi asibitin Komfo Anokye yau ɗin nan, ko da yana ta harkokinsa. Warwarewar nan gargaɗi ce, babbar na iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan.

Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi ta gurzar bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa har su tsuke. Ga kuma ƙarancin jini: ƙwaƙwalwa dama da kyar take samun iskar da take buƙata, sai zazzaɓin cizon sauro ko ƙishirwa su ƙarasa ta. Binciken da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta a Amurka, wanda aka fitar a 1998, ya nuna kashi 11 cikin 100 na masu SS kan gamu da wannan kafin shekara 20, kashi 24 kafin 45. A shekarun ƙanenki kuwa jijiya takan fashe ne ma, ba toshewa kaɗai ba. Saboda haka kada a ba shi asfirin a gida sai an ɗauki hoton kai. In ya sake tasowa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu don zai iya shaƙewa, a kira 112. Addu'a kam a yi ta a cikin mota.

Maganin gaggawa shi ne musayar jini: a ɗebi nasa, a zuba na mai lafiya, har jinin sikila ya sauka ƙasa da kashi 30. Ƙarin jini barkatai na da haɗari, domin in ma'aunin ƙarfin jinin (wanda likitoci ke kira Hb) ya wuce 10 jinin kan yi kauri ya ƙara toshe hanya. Bayan an sallame shi ba a daina magani ba. In aka bar shi haka, kusan biyu cikin uku ciwon kan dawo musu. Ku tambayi likita batun ƙarin jini akai-akai da maganin haidiroksiyuriya, wanda inshorar lafiya ta Gana ke biya.

In akwai ƙananan yara masu SS a gidan, 'yan shekara 2 zuwa 16, a riƙa auna musu gudun jini a jijiyoyin kai sau ɗaya a shekara, don a gano haɗarin shanyewar tun da wuri.