Bikin kiɗan Zanzibar: na 'yan tsibirin ne ko na baƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana mun ɗan tara abin da ya sawwaƙa, muna son zuwa Zanzibar a watan Fabrairu, lokacin bikin kiɗan nan na Sauti za Busara. Sai wata abokiyar karatuna 'yar Tanzaniya ta sanyaya min gwiwa, wai bikin ba nasu ba ne, don Turawa masu yawon buɗe ido ake yin sa. Haka ne? Ba na son mu zuba kuɗi mu je kallon abin da aka tsara don idon baƙo.
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta kai miki zancen ƙarshe ba.

Sunan ma ba baƙonmu ba ne. "Sauti" shi ne sautin da kika sani, "busara" kuwa hikima ce da Suwahili. An fara bikin a 2004 ƙarƙashin jagorancin Yusuf Mahmoud, an kuma daɗe ana yin sa cikin Ngome Kongwe, tsohon sansanin da Larabawan Oman suka gina wajajen 1700 bayan sun fatattaki Turawan Fotugal. Ƙa'idarsu guda tana burge ni: kowa da kayan kiɗansa yake hawa dandali, ba a kunna faifai mawaƙi ya riƙa motsa baki.

Ranar da na shiga, na biyo ta lambun Forodhani gab da magariba. Masu gasa kifi sun jera tebura, hayaƙi ya turnuƙe, samari suna sheƙowa da gudu suna faɗawa teku daga kan katanga. Na tsallaka titi na shige sansanin, na waiwaya ban ga ko ɗaya cikin samarin nan ya biyo ni ba. Gaskiya ne tikitin ɗan ƙasa ya fi na baƙo araha nesa ba kusa ba, amma ga mai cin abinci daga hannu zuwa baki, arahar ma kuɗi ce. Abin ya tsaya min a rai har yau, kuma nan ne maganar ƙawarki take da ƙafa.

To amma wane ne "nasu"? Ɗauki kiɗan taarab, wanda ake kira gadon Zanzibar. A fada ya tashi, zamanin Sarki Barghash da ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888, da Larabci ake rera shi, da salon Misira, talaka sai dai ya jiyo daga bayan katanga. Siti binti Saad, 'yar talakawa daga ƙauyen Fumba wadda ta fara da tallan tukwane, ita ta sauko da shi cikin unguwa da harshen Suwahili, har aka kai ta Bombai ta Indiya a 1928 aka naɗi muryarta a faifai. Ranar 12 ga Janairun 1964 aka yi juyin juya hali, aka tumɓuke sarauta, Larabawa da Indiyawa da dama suka rasa rayukansu, wasu suka yi hijira. Gwamnatin Abeid Karume ta ɗauki duk abin da ke da ƙamshin fada a matsayin kayan azzalumai, ƙungiyoyin taarab suka koma ƙarƙashin jam'iyya suna waƙar yabonta.

Sai kanumfari, wanda tsibirin ya dogara da shi, ya faɗi warwas a kasuwar duniya a shekarun 1980. Gwamnati ta buɗe wa 'yan yawon buɗe ido ƙofa. Gidajen sarakunan da aka bari suna ruɓewa, da ƙyauren katako masu sassaƙa, suka zama haja, UNESCO kuma ta sa tsohon birnin Zanzibar cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Sarki ya zaɓi abin da za a ji, jam'iyya ta zo ta zaɓi nata, yanzu mai dala ne ke zaɓa. Shi kuwa ya fi son labarin jiragen ruwa masu filafilai da kayan ƙamshi a kan labarin jinin 1964.

Duk da haka ba zan ce bikin holoƙo ba ne. Bi Kidude, tsohuwar mawaƙiyar taarab da ta rasu a 2013, ta hau wannan dandali tana kaɗa ganga ɗaure a ƙugunta, jikokin garin suka gan ta da idonsu. Abin da ke ƙona min rai shi ne rabon ganima. Otal-otal sukan cika maƙil a makon bikin, amma a 2016 ba a yi shi ba saboda rashin kuɗi, kuma shekara da shekaru ofisoshin jakadancin waje, musamman na Norway, suka yi suna ɗauke da nauyinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ki je, ƙanwata, ku je tare da maigidan. Mutanen tsibirin galibinsu Musulmi ne, hijabinki ba zai zama abin kallo ba. Sai dai kada ki tsaya a wurin bikin kaɗai. Ki nemi makarantar kiɗa ta Dhow Countries da aka kafa a 2002, inda yaran gari ke koyon kayan kiɗa masu tsirkiya irin su kanun da udu, ki biya kuɗin shiga wasansu da hannunki. Ki shiga cocin Angilika da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Sannan ki tsallaka zuwa Ng'ambo, wato "ɗaya ɓangaren", inda akasarin mutanen birnin suke zaune. Idan Allah Ya sa kin dace da bikin aure a can aka gayyace ki, ki zauna cikin mata, za ki ga yadda mace ke miƙewa ta je ta liƙa wa mawaƙiya kuɗi daidai baitin da ya taɓa mata zuciya.