Tsarin shekara biyar a kasuwar da ba ta tsayawa wuri guda

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maradi, ina saro atamfa da takalma daga Kano. Na tsara zuba dukan jarina a wannan harka domin in buɗe babban shago cikin shekara biyar, amma yayana ya ce dogon tsari wahalar banza ne a wannan zamani. Shin in haƙura da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka haƙura da tsarin, sai dai yayanka yana da hujjar da ya kamata ka saurara. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sake datse hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya, wadda ake bi daga Maradi zuwa Kano, har farkon 2024. Wanda duk arzikinsa ya rataya a kan wannan hanya ya ɗanɗana kuɗarsa sau biyu cikin shekara biyar, wato daidai tsawon tsarin da kake magana a kai.

Abin da nake so ka bambance shi ne burinka da hanyar kai wa gare shi. Burinka shago ne da zai riƙe iyalinka, wannan ka riƙe shi da ƙarfi. Kano da atamfa kuwa hanya ce, kuma ana iya sauya ta. Saboda haka ka rubuta lissafin shekarar farko dalla-dalla, sauran shekarun ka bar su a buɗe, kana sake duba su sau biyu a shekara, misali bayan kaka da bayan babbar salla, lokacin da ciniki ya nuna maka gaskiyar halin da kake ciki.

Inda na fi jin tsoro a maganarka shi ne zuba dukan jari. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na euro a kan farashi guda, naira kuwa ta yi mummunar faɗuwa tun da aka bar wa kasuwa yanke darajarta a Yuni 2023. Mai sefa a hannu ya sayi kaya da sauƙi a Kano kafin farashi ya hau, wanda ya ajiye kuɗinsa a naira ko yake bin bashi a can ya ga jarinsa yana narkewa. Ka ware sefar da za ta biya hayar shago da cefanen gida na aƙalla wata uku, kada ka taɓa ta domin saro kaya komai daɗin riba. Wani kaso kuma ka sa shi cikin abin da ƙasarmu ke nomawa, kamar aya ko wake, wanda ake saye da araha da kaka, kuma ko an rufe iyaka yana da masu saye a gida. Manomanmu ma sukan haɗa gero da wake a gona guda saboda ba su san yadda damina za ta kaya ba.

Sauyin kuma ya zama da dalili, domin mai tsalle daga sana'a zuwa sana'a duk wata shida yana rasa abokan cinikin da suka saba da shi. Tun yanzu ka ƙayyade abin da zai sa ka juya, misali kaya su yi wata huɗu ba su fita ba. Game da layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kada ka ci bashi da sunansa har sai jirgin ya fara ɗaukar kaya.