Tambaya da Amsa: Yayanmu ya hana Inna shan maganin da likita ya rubuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Innarmu ta haura shekara 70. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a yankin Maru muka dawo Gusau, barci ya ƙaurace mata, abinci sai an yi da gaske, wuni take a ƙofar ɗaki tana hawaye. A asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata sertraline. Yaya ya rantse ba za ta sha ba, wai maganin mahaukata ne, wanda ya fara ba ya bari. Yanzu rubutu take sha, da wata ƙwayar barci da ake sayo mata a kemis. Ina mafita?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya mayar da ku gida cikin aminci.

Ni ƙwayar kemis ɗin nan ta fi tayar mini da hankali a kan rantsuwar Yaya. Duba kwalin, ba mamaki diazepam ce, wadda ake ce wa baliyam. Hanta da ƙodar tsoho sun rage ƙarfi, don haka ƙwayar kan kwana ta wuni a jini. Tsohuwa ta tashi alwalar asuba, jiri ya ɗebe ta a makewayi, ƙashin ƙugu ya karye. Na ga tsofaffin da daga wannan faɗuwar ba su ƙara taka ƙasa ba. Kuma ƙwayar barcin nan ita ce mai kama jikin da Yaya yake tsoro. In Inna ta daɗe tana sha, kada ku yanke mata rana ɗaya; ku kai wa likita kwalin, shi zai rage mata sannu a hankali.

Sertraline ba ta sa maye, sai dai tana da nawa. Akan yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauyi, kuma a kwanakin farko tana iya kawo tashin zuciya ko gudawa. A nan mutanenmu kan ce ba ta karɓe ta ba, su ajiye. Tsoho da kaɗan ake fara masa, a ƙara in da buƙata, kuma ko an samu sauƙi akan ci gaba aƙalla wata 6. Ku lura da abu ɗaya: in ta fara ruɗewa ko jiki ya mutu, a koma asibiti, domin maganin kan rage gishirin jini, musamman ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari.

Yaya kuwa ban ga laifinsa sosai ba. A yankinmu da an ambaci ƙwaƙwalwa sai zuciya ta tafi asibitin masu taɓin hankali na Kware, alhali abin da Inna ta gani da idonta ya isa ya hana kowa barci. Kada ki ja da shi a gaban mutane. Ki lallaɓa shi ya raka ku ranar komawa asibiti, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Rubutu da addu'a a ci gaba, ba su hana magani. Jiƙo da sassaƙe ne nake so ku faɗa wa likita in tana sha. Ranar da kuka ji ta ce gara ta mutu, ko ta ƙi ko da ruwa, kada ku jira ranar da aka ba ku, a ranar za ku kai ta.