Sharlaman da Harsha: Me Kowannensu Ya Bari?

Tambaya: Malam, na ji ana kwatanta Sharlaman, sarkin Farankawa na yammacin Turai, da Harsha na arewacin Indiya, ana cewa duk daulolinsu sun wargaje bayan mutuwarsu. Shin kwatancin ya yi daidai?

Amsa: Kwatancin yana da tushe, amma a sani ba zamaninsu ɗaya ba. Harsha ya yi mulki daga 606 zuwa wajen 647, da hedkwatarsa a Kannauj, shi kuwa Sharlaman ya hau gadon sarauta a 768, Fafaroma Leo na Uku ya naɗa shi babban sarki a birnin Rum ranar Kirsimeti ta 800, ya rasu a Aachen a 814. Dukansu mayaƙa ne da suka tara malamai a fada, kuma kowanne ya samu bafadan da ya rubuta tarihinsa: Bana ga Harsha, Einhard ga Sharlaman.

Inda suka rabu shi ne yadda suka riƙe ƙasa. Harsha yakan ci sarki da yaƙi ya bar shi a kan karagarsa, muddin zai yi mubaya'a, ya biya gandu, ya kawo dakaru idan an buƙata, saboda haka daular ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Ko a lokacin ƙarfinsa, Pulakeshin na Biyu na gidan Chalukya ya tare shi a kogin Narmada, ya hana shi shiga kudu. Da ya rasu ba tare da magaji ba, wani wazirinsa ya ƙwace mulki, sarakunan da ke ƙarƙashinsa kuma kowa ya kama gabansa.

Sharlaman ya naɗa hakimansa a gundumomi, yana aika wakilan fada su duba aikinsu, ya kuma jingina mulki da coci, wadda ba ta mutuwa da mutuwar sarki. Gaskiya ne jikokinsa sun raba ƙasar gida uku a yarjejeniyar Verdun ta 843, amma daga wannan rabon ne daga baya Faransa da Jamus suka tsiro. Salon rubutun da ya bunƙasa a zamaninsa shi ne asalin ƙananan haruffan boko da kake karantawa yanzu, tsarin kuɗinsa na kwabo 240 a fam ɗaya kuwa ya daɗe a Ingila har 1971.

A ganina, duk da haka, ana rage wa Harsha daraja idan aka ce bai bar komai ba. Ya tallafa wa makarantar Nalanda, inda malamin nan ɗan ƙasar Sin, Xuanzang, ya yi karatu, ya kuma ɗaukaka Kannauj har ta zama birnin da duk mai neman sarautar arewa yake kwaɗayi. A daidai shekarun da Sharlaman yake yaƙar Saksonawa, mutanen arewacin Jamus ta yau, gidajen sarautar Indiya na Pratihara da Pala da Rashtrakuta suna can suna gwabzawa a kan wannan birni.