Judi ko Ararat: A ina jirgin Annabi Nuhu ya tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun yi gardama da wani abokina Kirista. Ni na ce jirgin Annabi Nuhu (AS) a kan dutsen Judi ya tsaya bayan ruwan Ɗufana, shi kuma ya dage cewa a Ararat ne. Shin wuri ɗaya ne mai suna biyu, ko littattafan ne suka saɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kowannenku ya faɗi abin da ke cikin littafinsa, sai dai tazarar da ke tsakaninku ba ta kai yadda kuke zato ba.

A Alƙur'ani, Suratu Hud aya ta 44 ta ce ruwa ya janye, aka zartar da al'amari, jirgin kuma ya daidaita a kan Judi. Ayar ba ta faɗi ƙasar da dutsen yake ba. Malaman tafsiri ne suka yi bayani, kamar yadda Ibn Kasir ya kawo daga Mujahid cewa dutse ne a yankin Jazira, wato sashen arewa na ƙasar kogunan Dijla da Furat. A yau dutsen da ke ɗauke da sunan yana lardin Shirnak, kudu maso gabashin Turkiyya, kusa da garin Jizre a bakin kogin Dijla, dab da iyakar Siriya da Iraƙi. Tsayinsa ya ɗan haura mita 2,000.

A Littafi Mai Tsarki (Baibul) kuwa, Farawa (littafinsa na farko) 8:4 ta ce jirgin ya tsaya a kan "duwatsun Ararat". Duwatsu aka ce, ba dutse guda ba. Ararat a nan sunan ƙasa ne, wato tsohuwar daular Urartu da ta yi mulki a kewayen tafkin Van. Littafin da kansa ya nuna haka: a 2 Sarakuna 19:37, 'ya'yan sarki Sennakerib sun kashe ubansu suka gudu ƙasar Ararat, Irmiya 51:27 ma ta lissafa ta cikin masarautu. Shi kuwa ƙaton dutsen da ake kira Ararat yanzu, mai tsayin mita 5,137 kusa da iyakar Armeniya da Iran, sai a ƙarnoni na tsakiya labarin jirgin ya kafu a kansa sosai. Tsakaninsa da Judi akwai kimanin kilomita 300.

Abin da ya kamata abokinka ya sani shi ne, tun kafin zuwan Musulunci Kiristocin gabas da Yahudawan yankin suna nuna wajen Judi ne. Tsohuwar fassarar Suriyanci da ake kira Peshitta ta sa "duwatsun Ƙardu" a wannan ayar ta Farawa, haka ma Targum Onkelos, tsohuwar fassarar Attaura ta Yahudawa, kuma Ƙardu shi ne yankin da Judi yake. Har gidan ibada Kiristoci suka gina a ƙololuwar dutsen, wanda tsawa ta ƙona a shekarar 766. Marubutan Musulmi kuma sun ambaci wani ƙauye a gindinsa mai suna Samanin (wato tamanin), wanda ake danganta sunansa da mutum 80 da aka ce sun fito daga jirgin. Wannan adadi ruwaya ce, ba nassin Alƙur'ani ba. Alƙur'ani ya ce kaɗan ne suka yi imani tare da shi, ita kuwa Farawa ta lissafa mutum takwas.

To, a ganina, Farawa ta ambaci yanki, Alƙur'ani ya ambaci dutse, kuma Judi yana gefen kudu na tsaunukan wannan yankin. Ba sai an ja nassi da ƙarfi ba kafin a ga suna iya haɗuwa. Inda saɓanin yake shi ne tsakanin Judi da dutsen Ararat na yau, kuma wannan al'adar baya ce ta haifar da shi.

Game da hotunan da ake yaɗawa wai an gano jirgin, ka bi a hankali. Mafi shahara shi ne tudun Durupinar mai siffar jirgi, wanda wani hafsan sojan Turkiyya ya hango a hoton sama a 1959. Masana duwatsu da suka bincike shi sun ce halittar ƙasa ce kawai. Gaskiya ne Suratul Ƙamar aya ta 15 ta ce an bar shi aya, wato alama abin lura, Bukhari ma ya kawo maganar Ƙatada cewa mutanen farko na wannan al'umma sun riski jirgin. Amma zuwa yanzu babu wani katako, daga Judi ko daga Ararat, da bincike ya tabbatar na jirgin Annabi Nuhu ne. Allah ne mafi sani.