Amsa: Wane ne Seydou Keïta, me ya sa hotunansa suka fita daban?

'Yar'uwa, kin tambayi wanda ya ɗauki tsofaffin hotunan nan na matan Bamako, masu baƙi da fari, da kika gani a Instagram. Yawancinsu aikin Seydou Keïta ne, mutumin Mali. Ya fara ne da wata 'yar kyamarar Kodak da kawunsa ya ba shi a 1935, ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Daga baya ya koma ɗaukar hoto wa gwamnati a 1962, ya rasu a Faris a 2001.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake wasa da zane. Zai rataya yadi mai fure a bango, ya zaunar da mace sanye da atamfa mai nata zanen, ga ɗaurin kallabi ya tashi sama. Kamata ya yi ido ya ruɗe, amma sai fuskarta ta fito fes. Ki lura da hannaye, yadda yake jera yatsu a kan cinya don zobe da awarwaro su bayyana. Hasken rana yake amfani da shi a tsakar gida.

Yana kuma ajiye agogo da rediyo da babur, wanda ba shi da su ya ara ya ɗau hoto. Duniya ba ta san shi sosai ba sai bayan 1991, lokacin da aka nuna hotunansa a New York ba tare da sunansa ba.